Darussan Dokar Ingila da Lauyoyin Arewa na Farko Suka Karanta, da Rabon Ɗalibin Hausa a Cikinsu

1.0 Gabatarwa

A hutun da muka yi bayan jarrabawar aji biyu, na koma gida Bauchi na tarar kawuna yana cikin rigimar kuɗi. Shi ɗan kasuwa ne, yana sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal. Wani abokin cinikinsa ya ɗauki masara mota guda, ya biya rabi, da aka zo kan sauran sai ya ce ba haka suka yi ba. Magana ta kai kotu, Kawu ya ɗauki lauya. Ran nan lauyan ya aiko da takarda cikin Turanci, Kawu ya miƙo mini ya ce, "Kai da kake jami'a, faɗa mini abin da ke ciki." Na karanta na ce, "Kawu, an ce ranar Talata za ka je ka rantse a gaban alƙali." Ya ce, "Rantsuwa ce? To, ai magana ta ƙare."

Ashe abin da na faɗa daban, abin da ya ji daban. A shari'ar da Kawu ya tashi ya sani, idan aka ba mutum rantsuwa ya yi, to an kai ƙarshen magana. Don haka sai ya ce wa direban da ya ɗauki kayan da dillalin da aka yi cinikin a gabansa kada su wahalar da kansu. Ranar Talata ya rantse, lauyan ɗaya ɓangaren ya yi ta jifansa da tambayoyi, sannan aka ce ya gabatar da shaidunsa. Babu ko ɗaya. Direba ya riga ya yi Kudu da kaya. Aka ɗage shari'a, aka yi wata huɗu ana jeka-ka-dawo kafin a samu a yi sulhu, kuma Kawu bai samu kuɗinsa duka ba.

Laifin nawa ne. Na san kalmar, ban san aikin da take yi a wannan kotu ba. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin irin karatun da lauyoyi ke yi, da inda ya samo asali. Maƙalar nan za ta duba darussan dokar Ingila da aka koya wa lauyoyin Arewa na farko, da wuraren da kalmominmu na Hausa ke iya yaudarar mai fassara a cikin kowane darasi.

2.0 Mece ce Dokar Gama-gari?

Sunan da Turawa ke kiran wannan doka, in an fassara shi kalma da kalma, shi ne "dokar gama-gari". Mai jin haka zai ɗauka ana nufin dokar da kowa ya sani, alhali asalin sunan daban ne. Bayan da Normawa suka ci Ingila a shekarar 1066, kowane yanki na ƙasar yana da al'adarsa ta yanke hukunci. A zamanin Sarki Henry na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1154 zuwa 1189, alƙalan sarki suka riƙa zagaya ƙasa suna shari'a da ƙa'ida iri ɗaya. Dokar da ta game dukan Ingila, maimakon ta gari-gari, ita aka kira ta gama-gari.

Babbar alamarta ita ce ba majalisa ce ta zauna ta rubuta ta a kundi guda ba. Hukunce-hukuncen alƙalai ne suka taru shekara da shekaru suka zama doka. Idan babbar kotu ta yanke hukunci a kan wata mas'ala, wajibi ne kotunan ƙasa da ita su bi sawunta duk lokacin da irin mas'alar ta sake tasowa. Shi ya sa za ka ga lauya a Bauchi yana kafa hujja da shari'ar da aka yi a Landan tun kakansa bai zo duniya ba.

3.0 Yadda Aka Fara Koyar da Ita

A Ingila, wanda ke son tsayawa gaban manyan kotuna yakan shiga ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan. Mutumin da ya tsara dokar ta zama abin karantarwa shi ne William Blackstone na Jami'ar Oxford, wanda ya fitar da sharhinsa cikin juzu'i huɗu tsakanin 1765 da 1769. Ya kasa ta zuwa haƙƙoƙin mutane, da haƙƙoƙin dukiya, da cutar da mutum ke yi wa ɗan'uwansa, da laifin da ake yi wa jama'a baki ɗaya.

Amurka ce ta riga mu karɓar wannan doka daga hannun Ingila, kuma yadda suka fara koyar da ita zai taimaka mana mu gane namu. A farko yaro yakan zauna ne a ofishin wani lauya yana kwafar takardu yana karanta littafin Blackstone. A 1779 aka naɗa George Wythe malamin doka a Kwalejin William da Mary da ke Bajiniya. A 1784 kuma Tapping Reeve ya gina ɗaki guda kusa da gidansa a garin Litchfield, yana karantarwa ɗalibai suna rubutawa, kamar dai makarantar zaure a wajenmu. Karatun yakan ɗauki kimanin wata goma sha huɗu, kuma kafin a rufe makarantar a 1833 ta yaye ɗalibai wajen dubu. Darussan sun haɗa da zaman miji da mata, da iyaye da 'ya'ya, da maigida da bara, da yarjejeniya, da ɓarna, da filaye, da shaida, da yadda ake shigar da ƙara, da dokar fatauci, da laifuffuka. A 1870 Christopher Langdell na Jami'ar Harvard ya kawo sabon salo, inda ɗalibi ke karanta hukuncin kotu da kansa ya tsamo ƙa'idar da ke ciki. Kusan waɗannan darussa ne suka iso mana, sai dai ta hanyar Landan.

4.0 Zuwanta Arewa

Kafin Turawa su ci Bauchi a 1902, masarautar da Malam Yakubu ya kafa tana da alƙalanta, suna hukunci da fiƙihun Malikiyya. Littattafansu su ne Risala da Muhtasar da Tuhfa. Turawa sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma suka kafa nasu a gefe, suka kuma ajiye wa kansu ikon soke duk hukuncin da suka ga ya saɓa wa abin da suke kira adalci. Dokar Babbar Kotun Jihar Arewa ta 1955 ta tabbatar da cewa kotun za ta yi aiki da dokar gama-gari, da dokar sassauci, da manyan dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900.

Ta haka karatun shari'a ya rabu gida biyu. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan domin horar da alƙalai, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Mai son zama lauya kuwa sai ya tsallaka teku. Sapara Williams na Legas ya zama lauya a Landan tun 1879, amma Arewa ba ta samu nata na farko ba sai 1955, wato Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori. Muhammadu Bello na Katsina ya biyo baya a 1956, kuma shi ne ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995.

Gab da samun 'yancin kai, Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya ta fara kwasa-kwasan doka. Tana horar da alƙalai da ma'aikatan kotu, tana kuma shirya wasu matasa su ci kashin farko na jarrabawar lauyoyi kafin su ƙarasa a Landan. Ta wannan hanya Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya bi, shi ma ya zama Alƙalin Alƙalai daga 1995 zuwa 2006. A 1962, lokacin da ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Balewa, yake Firayim Minista, aka yi dokar ilimin lauyoyi. A shekarar ce tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello ta soma aiki, sannan a watan Janairun 1963 aka buɗe Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya a Legas da ɗalibai takwas. Daga cikin waɗanda Zariya ta yaye daga baya har da Ibrahim Tanko Muhammad, ɗan ƙaramar hukumar Giaɗe ta Jihar Bauchi, wanda ya yi Alƙalin Alƙalai daga 2019 zuwa 2022.

Abin lura a nan shi ne, masu karatun fiƙihu sun daɗe suna fassara shi da Hausa a zaure, har kalmominsa suka zama namu: alƙali, shaida, hujja, diyya, wasiyya, waƙafi. Dokar Ingila kuwa da Turanci aka koyar da ita, da Turanci ake ci gaba da koyar da ita. Idan mai fassara ya zo faɗin ta da Hausa, dole ya ari kalmomin fiƙihu, kuma kowace takan zo da tsohuwar ma'anarta.

5.0 Darussan da Tarkon da ke Cikinsu

5.1 Yarjejeniya

Darasin farko shi ne yadda magana tsakanin mutum biyu ke zama abin da kotu za ta tilasta. Ana bukatar tayi da amincewa, kuma a nan Hausa ba ta da matsala, domin a kasuwa mai saye yakan taya, mai kaya ya ce "albarka" ko ya ce "na sallama". Ita ma dokar Ingila tana ɗaukar kayan da aka baza a kanti a matsayin gayyata kawai, mai saye shi ke yin tayi.

Sharaɗi na gaba ne baƙo a gare mu. Dole kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin abin da zai samu. Idan mutum ya ce zai ba ka kyautar babur sannan ya fasa, kotu ba za ta tilasta shi ba, tun da kai ba ka ba da komai ba, sai fa in an yi alkawarin cikin takarda ta musamman mai hatimi. A Malikiyya kuwa kyauta tana hawa kan mai ita da zarar ya furta, karɓa a hannu ita ke cika ta. Saboda haka in ka fassara kalmar yarjejeniya da "alkawari", ka sa Bahaushe ya zaci duk alkawari kotu za ta karɓar masa.

5.2 Ɓarna da Ta'adi

Wannan darasi ya shafi cutar da mutum ya yi wa wani ba tare da wata yarjejeniya a tsakaninsu ba: shanu sun shiga gona, direba ya kaɗe mai tafiya, wani ya haƙa rami bai rufe ba. Shari'ar da kowane ɗalibin doka ke karantawa a nan ita ce ta Donoghue da Stevenson ta 1932. Wata mata a ƙasar Sikotlan ta sha lemon kwalba da aka saya mata, ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon-koɗi a ciki. Ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin. Kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa wajibi ne mutum ya kula kada sakacinsa ya cuci duk wanda aikinsa zai iya shafa.

Kalmomi biyu ke tuntuɓe a nan. Kuɗin da kotu ke sa a biya wanda aka cuta muna ce masa diyya, alhali a fiƙihu diyya fansar rai ce ko ta gaɓa, mai ƙayyadadden adadi. Haka kuma sau da yawa akan fassara ƙarar ɓata suna da "ƙazafi". Ƙazafi a shari'ar Musulunci jifan mutum ne da zina, kuma haddinsa bulala 80. Wanda aka ce wa ana ƙararsa kan ƙazafi, alhali cewa ya yi wane maƙaryaci ne, ba zai yi barci ba a daren.

5.3 Filaye

A dokar Ingila ƙasa duka ta sarki ce, mutum yana riƙe ta ne kawai, ko dai har abada shi da magadansa, ko na tsawon rayuwarsa, ko na wasu shekaru. A Arewa, dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, ta 1962 ta ɗora a kai, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta game Nijeriya duka. Takardar da Gwamna ke sa wa hannu, wadda muke kira "takardar mallaka", shaidar izinin zama ce da amfani da fili, galibi na shekara 99 idan na gida ne. Gwamnati na iya soke ta don amfanin jama'a ta biya kuɗin abin da aka gina ko aka shuka. Ga kuma kalmomi irin su aro da haya da jingina, kowace da hukuncinta a al'ada. Jinginar gona da muka sani, mai ba da kuɗi shi ke noma ta har a fanshe. Jinginar banki kuwa gida yana hannunka, amma in ka kasa biya a sayar da shi.

5.4 Laifuffuka

A 1947 aka yi shari'ar Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi. Wannan saɓani ya daɗe yana damun Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka yi kundin da Hausawa ke kira Final Kot. An yi shi a 1959, ya fara aiki a 1960. An ɗauko shi daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. An fassara shi zuwa Hausa, aka riƙa kai alƙalai Zariya suna koyon aiki da shi. A 2001 Jihar Bauchi ta kafa nata kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci.

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum sai da laifin da aka rubuta a doka, ya kuma ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. To, a bakinmu "mai laifi" yakan rufe wanda aka kama da wanda aka gurfanar da wanda aka yanke wa hukunci. Ɗan jarida ko tafintan da bai bambance "wanda ake zargi" da "wanda ake tuhuma" da "wanda aka samu da laifi" ba, ya riga alƙali yanke hukunci.

5.5 Shaida da Rantsuwa

A nan na yi wa Kawu ɓarna. A kotun alƙali, mai ƙara shi ke kawo shaidu, in ya rasa sai a ba wanda ya musa rantsuwa, kuma mutum ba ya zama shaidar kansa. Rantsuwa ke nan hujja ce mai yanke magana. A kotun da ke bin tsarin Ingila, kowane mai ba da shaida yakan rantse tun kafin ya buɗe baki cewa gaskiya zai faɗa, har da mai ƙarar kansa, sannan lauyan abokin shari'a ya yi masa tambayoyin ƙure. A can rantsuwa ƙofar shiga ce kawai. Abin sha'awa, a zamanin makarantar Litchfield su ma ba sa barin mai ƙara ya yi wa kansa shaida. Ingila ba ta halatta hakan a shari'ar dukiya ba sai 1851. Nijeriya ta yi aiki da dokar shaida da ta fara aiki a 1945 har zuwa 2011, lokacin da aka sauya ta da sabuwa. Da na san wannan, da na ce, "Kawu, za ka ba da bayani bisa rantsuwa, kuma ka tafi da shaidunka."

5.6 Dokar Sassauci da Zaman Iyali

Da dokar gama-gari ta yi tsauri, mutanen Ingila suka riƙa kai kuka ga sarki, shi kuma ya miƙa wa babban wazirinsa. Daga nan wata kotu ta daban ta tsiro da nata ƙa'idoji, har aka haɗe kotunan biyu tsakanin 1873 da 1875. Daga gare ta aka samu umarnin kotu na dakatar da wani aiki, da tsarin danƙa dukiya amana a hannun wani don amfanin wani. Wasu kan fassara sunanta da "adalci", sai mai sauraro ya ɗauka alƙali zai yi abin da ya ga ya dace ne kawai, alhali ita ma tana da iyakokinta.

Game da iyali, tsohuwar dokar Ingila ta ɗauki miji da mata a matsayin mutum guda, kuma dukiyar mace tana komawa hannun miji. Jihar Niyok ta gyara wannan a 1848, Ingila kuma a 1882. A lokacin nan matar Bahaushe ta daɗe da mallakar awakinta da kayan ɗakinta da rabonta na gado. Aure da saki da gadon Musulmi sun ci gaba da zama a kotunan alƙalai, shi ya sa wannan fanni bai kama ƙasa a wajenmu kamar sauran ba.

6.0 Kammalawa

Wannan sashe na 36 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Mafi yawan masu shiga kotu a Bauchi da Hausa suke magana, alƙalin babbar kotu kuma da Turanci yake rubutawa. Wanda ke tsaye tsakaninsu, ko a kotu ko a gidan rediyo ko a zauren gida, sau da yawa ɗaya daga cikinmu ne.

Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara uku. Duk wanda ya samu hutu ya je ya zauna a kotu, ƙofa a buɗe take, ya saurari tafinta ya rubuta kalmomin da yake zaɓa. Masu neman batun kundin kammala digiri su duba wannan fage, su tattara kalmomin kotu, kowace da ma'anarta a fiƙihu da ma'anarta a dokar Ingila. Na uku, in an miƙo maka takardar lauya, kada kunya ta hana ka cewa bari ka tambaya. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata.

Har yanzu Kawu yakan miƙo mini takarda in ta zo. Amma in na gama karantawa sai ya ce, "To, ɗana, wannan a wace kotun take nufin haka?"